Duwatsun Ushafa da Mpape: Hanyoyin da suka girmi Abuja

Ranar Asabar da sassafe, kafin rana ta ɗaga, motoci kan yi layi a gindin duwatsun Ushafa da Mpape da Katampe. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da matasa, kowa da gorar ruwansa, sun fito hawan dutse don motsa jini da ɗaukar hoto. Da wuya ka ji wani ya tambayi wanda ya fitar da 'yar siririyar hanyar da suke bi. Ƙafafun Gbagyi ne, waɗanda Hausawa suka fi sani da Gwari, suka tattake yawancin hanyoyin nan, tun babu mai mafarkin sabon babban birni.

Su kuwa ba don nishaɗi suka hau ba. Ƙarni na 19 ya zo wa wannan yanki da zafi. Bayan jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ya yo kudu wajen Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja. Yaƙi tsakanin wannan sabuwar masarauta da Zariya bai lafa ba, ga kuma Umaru Nagwamatse na Kwantagora da ɗansa Ibrahim suna kai hare-haren kamen bayi ƙasar Gwari. Dokin mahara kuwa ba ya hawa faƙon dutse. Saboda haka ƙauyuka da dama suka koma kan tuddai da tsakanin duwatsu, gona tana ƙasa, kwana yana sama. Kullum sai an sauko an hau, da ruwa da itace da doya, mata suna ɗauke da kayan a kafaɗa kamar yadda al'adarsu take har gobe. Shi ya sa tsohuwar hanya ba ta miƙewa sak: tana kewaya santsi, tana ratsa inuwa, tana biyowa ta bakin rafi. Wanda ya fitar da ita da kaya yake tafe.

Da hare-hare suka ƙare a zamanin Turawa, mutane suka riƙa saukowa kusa da gonakinsu. Hanyoyin suka zama na mafarauta da masu itace da Fulani makiyaya.

Sai ga 1976. A watan Fabrairu gwamnatin Murtala Muhammad ta karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ta keɓe wannan yanki ya zama babban birnin tarayya. Taswirar birnin da aka kammala a 1979 ta girmama duwatsun: ta tanadi a bar tuddai da kwazazzabai da bakin rafuka a matsayin filayen shan iska, unguwanni su zauna a tsakaninsu. Masu ƙasar ne dai ba su sami irin wannan girmamawa ba. An kwashe mutanen Wuse zuwa Sabon Wuse a jihar Neja, an kai na Maitama Kubwa. Aka ga kyan dutsen, aka matsar da mai dutsen.

Ushafa, da ke ƙaramar hukumar Bwari, ta ci ribar zama a gefe. A kusa da ita aka gina madatsar ruwa ta Usuma a shekarun 1980, wadda Abuja ke sha daga gare ta, kuma tsaron da ake yi wa ruwan ya taimaka wajen hana gine-gine cinye kewayensa. Wanda ya kai ƙololuwar dutsen a ƙarshen damina zai ga tafkin a shimfiɗe tsakanin korayen tuddai. Garin kuma yana da cibiyar ginin tukwane, sana'ar da ta ɗaukaka Ladi Kwali har hotonta ya hau takardar naira 20. Nan aka kawo shugaban Amurka Bill Clinton a watan Agustan 2000, ranar da ƙauyen ya shiga bakin duniya na yini guda.

Labarin Mpape daban ne, kuma ya fi ɗaci. Dutsenta aka fasa aka gina birnin. Kamfanonin fasa dutse sun shafe shekaru suna tayar da nakiya a can, tsakuwar tana tafiya Maitama da Asokoro, leburori kuma suna cika unguwar ba tsari, ba magudanar ruwa, ba isasshiyar hanya. A watan Satumban 2018 ƙasa ta motsa a yankin har mutane suka fito daga gidajensu a firgice, hukuma ta dakatar da fasa dutse na wani lokaci. Abin mamaki, wani tsohon ramin da aka yashe aka bari, ruwa ya cika shi, shi ne ya zama wurin yawon buɗe ido a 2020, sa'ad da cutar korona ta hana mutane tafiye-tafiye. Babu wanda ya tsara shi. Hotunan Instagram ne suka yi masa talla.

To ina filayen shan iskan da taswira ta yi alkawari? Akwai Millennium Park, da Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe a Disamban 2003, akwai bakin tafkin Jabi. Amma duk a tsakiyar birni suke. Sauran filayen, wasu an yanka su fuloti, wasu an ba da hayarsu sun koma wuraren gasa kifi da shaye-shaye. Nasiru El-Rufa'i ya ƙwato wasu da katafila lokacin yana minista, daga 2003 zuwa 2007, sai dai kwaɗayin fili a Abuja ya fi kowane minista daɗewa. Mazaunin Kubwa ko Dutse Alhaji da ke son ya fitar da yaransa shan iska sai ya biya kuɗin mota zuwa cikin gari, ko kuwa ya nufi dutsen da ke bayan unguwarsu. Shi ma dutsen, katangu sun fara hawa gindinsa, kuma hanyar da aka bi bara kana iya zuwa bana ka tarar an ja mata waya an ajiye maigadi.