Katin da Aka Damƙa wa Uwa

A 1956 wani likitan yara daga Ingila, David Morley, ya kama aiki a asibitin Wesley Guild na mishan Metodis da ke Ilesha, a ƙasar Yarbawa. Ya lura cewa ana kawo yara ne bayan ciwo ya ci ƙarfinsu. Zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ƙyanda da tamowa ne ke kashe su, alhali duka ana iya tare su tun da wuri.

Saboda haka shi da ma'aikaciyar jinya Margaret Woodland suka mai da hankali ga ƙauyen Imesi-Ile. Suka bi lafiyar ɗaruruwan yara tun daga haihuwa, aka kafa asibitin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ana ɗora yaro a sikeli a kai a kai, ana rubuta nauyinsa a kati. In nauyi ya tsaya, musamman lokacin yaye, an san yunwa ko ciwo ya shigo tun kafin jiki ya nuna.

Katin kuwa a hannun uwa aka bar shi, domin ita ce ke tare da yaron dare da rana. A shekarun 1980 UNICEF ta sa awon nauyi cikin manyan hanyoyinta na ceton yara a duniya.

Mu masu kiwon ikkilisiya mun saba ziyartar majiyyaci, mun saba jana'izar yara. Wannan tarihi yana tambayarmu: a ƙauyen da aka tura mu, wa ke lura da yaron da ya fara ramewa, kuma muna sauraron uwarsa?