Saita hanyar sadarwa don ƙaurar na'urar kwaikwayo

Saita hanyar sadarwa don ƙaurar na'urar kwaikwayo shi ne aikin shirya gadoji, adireshi da ƙa'idojin tsaro a kan manyan kwamfutoci biyu ko fiye, domin a iya ɗauke na'urar kwaikwayo daga wannan zuwa waccan tana cikin aiki, ba tare da masu amfani da ita sun ga yankewa ba. Na'urar kwaikwayo kwamfuta ce da manhaja ke ƙirƙira a cikin kwamfutar zahiri. Manhajar da ke ƙirƙira ta kuma take kula da ita ana kiranta haifabaiza, irin su Xen, KVM, VMware ESXi da Hyper-V. Kwamfutar zahirin ana ce mata mai masauki, na'urar kwaikwayon kuma baƙuwa.

Galibi ana yin wannan saiti da sikirif, wato gajeren fayil mai jerin umarni wanda haifabaiza ke kira da kanta duk lokacin da baƙuwa ta iso ko ta tashi. Dalilin buƙatarsa shi ne, a lokacin ƙaura haifabaiza na kwashe abin da ke cikin ƙwaƙwalwar baƙuwa da yanayin da take ciki, amma gadar da take jone da ita da katangar tsaron da ke kare ta na mai masauki ne, ba sa bin ta. Idan ba a shirya makamantansu a sabon masauki ba, baƙuwar za ta isa lafiya tana aiki, amma ba wanda zai iya kaiwa gare ta.

## Tarihi

Kamfanin VMware ya fito da VMotion a shekarar 2003, shekarar da aka saki Xen ta farko daga Jami'ar Kambirij a Ingila. A 2005 Christopher Clark da abokan aikinsa na Kambirij da Jami'ar Kofenhagen suka gabatar da bincike a taron NSDI kan ƙaurar baƙuwar Xen tana cikin aiki. A gwajinsu sun ɗauke sabar wasan Quake 3 da tsayawar milisakan 60 kacal. A wannan binciken ne suka bayyana dabarar aika saƙon ARP wanda ba wanda ya nema, domin sanar da sauran na'urori sabon wurin baƙuwa.

KVM ta shiga cikin Linux 2.6.20 a watan Fabrairun 2007. Microsoft ya ƙara irin wannan ƙaura a Hyper-V na Windows Server 2008 R2 a shekarar 2009.

## Yadda ƙaurar take gudana

A hanyar da aka fi amfani da ita, mai masauki na farko yana kwafe dukkan ƙwaƙwalwar baƙuwa zuwa na biyu alhali tana ci gaba da aiki. Da yake tana canza wasu sassa ana cikin kwafin, sai a sake aika waɗanda suka canza, zagaye bayan zagaye, har abin da ya rage ya zama kaɗan. Daga nan a dakatar da ita na ɗan lokaci, a aika ragowar, a tashe ta a sabon wuri. A QEMU, manhajar da ke aiki tare da KVM, iyakar wannan dakatarwa a saitin asali ita ce milisakan 300.

Saurin layin da ke tsakanin masu masaukin yana da tasiri sosai. Baƙuwa mai ƙwaƙwalwar gigabait 16 na buƙatar kimanin daƙiƙa 128 don zagayen farko a layin gigabit 1, amma kusan daƙiƙa 13 a layin gigabit 10. Idan baƙuwa tana canza ƙwaƙwalwarta fiye da saurin da layin ke ɗauka, ƙaurar ba za ta ƙare ba. Saboda haka ake ware wa ƙaura nata layin, daban da wanda baƙuwa ke hidima da shi.

Akwai wata hanyar da ake fara tashin baƙuwa a sabon masauki, sannan ta riƙa jawo ƙwaƙwalwarta daga tsohon. QEMU ta samu wannan a siga ta 2.5 a ƙarshen 2015. Haɗarinta shi ne, idan layin ya yanke a tsakiyar aiki, babu ɓangaren da ke da cikakken yanayin baƙuwar.

## Abubuwan da dole su yi daidai

Katin sadarwar baƙuwa na kwaikwayo ne. A kan mai masauki na Linux, ana jona shi da gada, wato suwic na manhaja da ke haɗa baƙi da katin zahiri. Kafin ƙaura ta yi nasara, sikirif yana tabbatar da waɗannan:

* Sunan gada. Fayil ɗin bayanin baƙuwa yana ambaton gadar da sunanta, misali `xenbr0` ko `br0`. Idan babu gada mai wannan suna a sabon masauki, ƙaurar tana faɗuwa tun daga farko.
* Lambar VLAN. Ƙa'idar IEEE 802.1Q tana raba waya ɗaya zuwa hanyoyi daban-daban har 4094. Dole lambar da baƙuwa ke kai ta kasance an buɗe ta a gadar da kuma suwic na zahiri da sabon masauki ke jone da shi.
* Adireshin MAC. Shi ne lambar shaidar katin, kuma dole ya bi baƙuwa yadda yake. Na Xen yakan fara da 00:16:3e, na QEMU da 52:54:00, na VMware da 00:50:56, na Hyper-V da 00:15:5d.
* Girman ƙunshi. Girman da aka saba da shi bait 1500 ne, wasu hanyoyin kuma ana ɗaga su zuwa 9000. Idan masaukan biyu suka saɓa, ƙananan saƙonni za su wuce, manya su riƙa ɓacewa.
* Katangar tsaro. Ƙa'idojin iptables ko nftables da aka ɗaura wa katin baƙuwa dole a kafa su a sabon wuri, a kuma goge su a tsohon.
* Mashigar ƙaura. libvirt tana amfani da mashigun TCP daga 49152 zuwa 49215, vMotion 8000, Hyper-V 6600, tsohuwar manhajar xend ta Xen kuma 8002.

## Sanar da sabon wuri

Kowane suwic yana riƙe da jadawalin da ke nuna adireshin MAC da bakin wayar da aka gan shi a kai. Yana koyon wannan ne daga saƙonnin da ke fitowa. Bayan ƙaura, suwic na nan yana zaton baƙuwa tana tsohon wuri, kuma can zai ci gaba da tura mata saƙo har sai ta aika wani abu daga sabon wurin, ko bayanin ya tsufa. A yawancin suwic da kuma gadar Linux, tsufan na ɗaukar daƙiƙa 300. Sabar da ke jiran a tuntuɓe ta kawai tana iya ɓacewa na tsawon wannan lokaci.

Maganin shi ne a aika sanarwa da zarar baƙuwa ta farka. QEMU da ESXi suna aika saƙon RARP ɗauke da adireshin MAC na baƙuwa. An zaɓi RARP, tsohuwar ƙa'ida ta 1984, domin haifabaiza ba ta buƙatar sanin adireshin IP kafin ta aika shi. A Xen, da kuma KVM mai katin virtio, ana iya sa baƙuwar da kanta ta aika saƙon ARP, wanda ya fi dacewa idan tana da VLAN da yawa a cikinta. A IPv6 kuma sanarwar maƙwabta ce ke yin wannan aiki. Inda sanarwar ba ta fita da kanta, masu kula da tsarin sukan sa umarnin `arping` a cikin sikirif.

Gadar Linux tana da wani jinkirin nata. Idan an kunna ƙa'idar STP, sabon bakin da aka jona yana jira matakai biyu na daƙiƙa 15 kowanne kafin ya fara wuce da saƙo. Sanarwar da aka aika a wannan tsakanin tana zubewa. Shi ya sa ake rage wannan jinkiri a gadojin da baƙi ke amfani da su.

## Sikirif a Xen

Xen tana ajiye sikirif ɗinta a `/etc/xen/scripts`. Mafi shahara su ne `vif-bridge` mai jona kati da gada, `vif-route` mai kafa hanya ta musamman zuwa adireshin baƙuwa, da `vif-nat` mai ɓoye baƙuwa a bayan adireshin mai masauki. Ana kiran sikirif da kalmar `online` idan kati ya bayyana, da `offline` idan ya tafi. Yana karanta sunan gada daga rumbun bayanan xenstore, ya jona katin, sannan ya rubuta cewa an haɗa.

Sunan katin a ɓangaren mai masauki yana ɗauke da lambar baƙuwa, misali `vif5.0`. Wannan lamba tana canzawa bayan ƙaura, don haka sikirif ɗin da aka rubuta wa sunan kati kai tsaye zai daina aiki. Abin da ake dogara da shi shi ne sunan baƙuwa ko adireshin MAC.

A zamanin xend akwai kuma `network-bridge`, wanda ke ƙirƙirar gada lokacin da mai masauki ya tashi. An cire xend a Xen 4.5 a 2015. Manhajar `xl` da ta maye gurbinta tana barin ƙirƙirar gada ga tsarin Linux ɗin kansa, kuma tana yin ƙaura ta cikin SSH.

## Sikirif a KVM da libvirt

A KVM ana fara ƙaura da umarni irin `virsh migrate --live`, a bi shi da sunan baƙuwa da adireshin sabon masauki. libvirt tana kiran fayil ɗin `/etc/libvirt/hooks/qemu` a matakai daban-daban. A sabon masauki tana fara kiransa da `migrate`, tana miƙa masa bayanin baƙuwa a tsarin XML, kuma yana da damar gyara bayanin, misali ya canza sunan gada zuwa wanda ke wurin. Daga nan sai `prepare` da `start`, inda ake kafa VLAN da ƙa'idojin tsaro. Idan sikirif ya dawo da alamar kuskure a waɗannan matakai biyu, ana soke ƙaurar, baƙuwa ta ci gaba da aiki inda take. Bayan an gama, tsohon masauki yana kiran nasa da `stopped` da `release` domin sharewa.

Bayanan libvirt sun yi gargaɗin kada sikirif ya koma ya kira libvirt daga cikinsa, domin ita tana jiran ya gama, shi kuma yana jiran amsarta, sai duka su maƙale.

## VMware da Hyper-V

A vSphere ana ware katin VMkernel don vMotion, kuma rukunin mashigar da baƙuwa ke jone da shi dole ya samu a masaukin da za ta. Ana rubuta saitin da `esxcli` ko PowerCLI. Daga vSphere 6.0 ta 2015, ana iya ƙaura mai nisa matuƙar zuwa da dawowar saƙo bai wuce milisakan 150 ba. A Hyper-V ana amfani da PowerShell: `New-VMSwitch` yana ƙirƙirar suwic mai suna iri ɗaya a kowane masauki, `Add-VMMigrationNetwork` yana zaɓar layin ƙaura, `Move-VM` kuma yana ɗauke baƙuwa.

## Ƙaura tsakanin hanyoyi mabambanta

Duk abin da ya gabata yana aiki ne idan masaukan biyu suna kan hanyar cikin gida ɗaya. Idan akwai rauta a tsakaninsu, adireshin IP na baƙuwa ba zai yi aiki a sabon wuri ba, kuma canza shi yana yanke duk haɗin TCP da ke buɗe. Akwai mafita biyu. Ta farko ita ce sikirif ya sanar da hanya zuwa adireshin baƙuwa daga sabon masauki ta ƙa'ida irin BGP, ya janye ta daga tsohon. Ta biyu ita ce shimfiɗa hanyar kwaikwayo a kan ta zahiri. VXLAN, wadda aka bayyana a RFC 7348 a 2014, tana naɗe saƙon baƙuwa cikin ƙunshin UDP a mashiga 4789, tana kuma ba da lambobin hanya kusan miliyan 16. Naɗin yana ƙara bait 50 a kowane ƙunshi, don haka dole a ɗaga girman ƙunshi a layin zahiri. Open vSwitch na cikin manhajojin da ake gina irin wannan hanya da su.

## Matsaloli

Katangar tsaro mai bin diddigin haɗi tana ajiye jadawalinta a mai masauki. Bayan ƙaura, sabon masauki bai san tsofaffin haɗin ba, yana iya ɗaukarsu baƙin saƙo ya zubar. Katin zahiri da aka miƙa wa baƙuwa kai tsaye, kamar ta SR-IOV, shi ma yana hana ƙaura ta yau da kullum. Akan haɗa shi da katin kwaikwayo, a cire na zahirin kafin tafiya, a jona wani bayan isa.

Ƙaura tana iya faɗuwa a tsakiya. Saboda haka ana rubuta sikirif ta yadda maimaita shi ba zai ɓata komai ba, kuma ba ya goge saitin tsohon masauki sai an tabbatar baƙuwa ta tashi a sabon. Ana kuma ajiye kwafi ɗaya da ake rarraba wa duk masaukai da manhaja irin Ansible ko Puppet, domin bambanci kaɗan tsakanin masaukai ba ya bayyana sai ranar da aka zo ƙaura.

## Tsaro

Abin da ke bi ta layin ƙaura ƙwaƙwalwar baƙuwa ce gaba ɗaya, har da kalmomin sirri da makullan ɓoye bayanai. A 2008 Jon Oberheide, Evan Cooke da Farnam Jahanian na Jami'ar Mishigan a Amurka sun nuna, da manhajar da suka kira Xensploit, cewa wanda ya shiga tsakani zai iya canza ƙwaƙwalwar baƙuwar Xen ko VMware tana kan hanya. A 2016 vSphere 6.5 ta kawo vMotion mai ɓoye bayanai, QEMU ma tana iya yin ƙaura ta TLS. Duk da haka ana keɓe layin ƙaura a VLAN nasa, a buɗe mashigunsa ga masu masauki kaɗai. Sikirif ɗin kansa yana gudana da cikakken iko a kan mai masauki, don haka ana taƙaita waɗanda za su iya gyara shi.