Daga Gafaka Zuwa Akwati Mai Taya: Tarihin Kayan Matafiya a Hanyar Boɗinga

Hanyar da ta fito daga birnin Sakkwato ta nufi kudu, ta ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal har ta kai Jega, ta girmi kwaltar da ke kanta nesa ba kusa ba. Malamai da almajirai sun bi ta, fatake sun bi ta da jakunansu, manzannin da ke kai saƙo tsakanin Sakkwato da Gwandu sun bi ta, haka ma Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka fi sani da Abdulkarim, lokacin da ya nufi Gwandu a 1853. A yau motocin haya ne ke safa da marwa a kanta, da maniyyata masu zuwa filin jirgin saman Sultan Abubakar III. Abin hawa ya sauya sau da dama a cikin shekaru ɗari biyu, amma damuwar matafiyi tana nan yadda take: a cikin me zai zuba kayansa su isa lafiya? Amsar da mutanen wannan yanki suka riƙa bayarwa, zamani bayan zamani, tana nuna cewa ƙarkon mazubi yana rataye ne a kan abu biyu, wato dacewarsa da abin da zai ɗauke shi, da kuma yiwuwar gyara shi a kan hanya.

Littattafai su ne kaya mafi daraja da suka fara sa aka san wannan yanki. Bayan hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804 da shekarun yaƙin da suka biyo baya, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙaninsa Abdullahi ya zauna kusa da shi a Boɗinga, kuma a cikin waɗannan shekaru ne ya rubuta Tazyinul Waraƙati, a 1813. Jama'ar da ta yi ta ƙaura daga zango zuwa zango ba ta bar karatu da rubutu ba, domin littattafanta sun bi ta a bayan raƙuma da sauran dabbobi.

Littafin wancan zamani warƙoƙi ne a sake, ba a ɗinke su ba. Takardar kuwa daga nesa take zuwa, galibi daga Italiya ta hanyar Tarabulus da Sahara, saboda haka tana da tsada, ga kuma wahalar watannin da mai kwafi ya yi yana rubutu da tawada. Ruwan sama na yini guda yana iya shafe wannan aiki duka. Don haka aka yi masa kariya hawa-hawa. Ana haɗa warƙoƙin a cikin tadarishi, a naɗe da tsirkiya, sannan a zura cikin gafaka, jakar fata mai murfi da maratayi. Murfin yana saukowa ya rufe baki don kada ƙura ko yayyafi su shiga, maratayin kuma yana ba da damar a rataya ta a kafaɗa a kan hanya, a rataya ta a bango idan an sauka, nesa da gara da laimar ƙasa. Dubban rubuce-rubucen da ake ajiye da su yau a gidajen malamai da kuma ma'adanar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da yawansu albarkacin irin wannan jaka suka kai labari.

Ingancin gafaka daga wurin majema yake farawa. Ƙasar Sakkwato da Maraɗi ita ce mahaifar jar akuya, wadda fatarta ta shahara da laushi da ƙarfi. Fatake sun daɗe suna kai ta Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take fito musu, kuma da ita aka yi bangon littattafai masu tsada. Majemi yana jiƙa fata a ruwan toka don gashi ya saki, ya kankare ta, sannan ya tsoma ta a ruwan bagaruwa har jimar ta ratsa ta ciki da waje. Idan aka yi gaggawa aka tsamo ta tun ba ta ƙosa ba, ido zai gan ta kyakkyawa, amma da ta sha rana sai ta bushe ta tsage. Bayan jima sai a shafa mata mai, a rina ta ja da karan dafi, sannan ta isa hannun baduku, wanda zai yanka ya ɗinke. Mai saye da ya san abin da yake yi yakan lanƙwasa fatar ya ga ko za ta nuna tsaga, ya kuma ja maratayi ya duba inda aka haɗa shi da jiki, domin nan ne jaka take fara mutuwa.

Fatauci yana da nasa mazuban. A ƙarni na 19 Jega ta zama babbar kasuwa, kuma ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yakan ƙetare Kwara ya ratsa ƙasar Bargu kafin ya kai Salaga, tafiyar watanni zuwa da dawowa, a ƙarƙashin madugu. Ana tafiya da kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu, a komo da goro. Kayan suna bayan jakuna da takarkarai, wasu kuma a kan 'yan alaro da bayi. Kowane kaya da abin zuba shi: taiki na hatsi, salka ta ruwa, tandu na mai, burgami na ƙananan tarkace, waga ta goro. Dukkansu an yi su ne da la'akari da bayan dabba. Ba su da kusurwa mai kaifi da za ta ji wa jaki ciwo, ana raba nauyinsu gida biyu daidai a kan akumari, kuma suna lanƙwasa idan an bi ta ƙunci ko an gogi itace.

Goro shi ne ya fi kowane kaya gwada mazubi. Idan ya sha iska ya bushe, idan ya jiƙe ya ruɓe, idan ƙwaro ya shiga guda ɗaya ya bi sauran. Shi ya sa ake lulluɓe shi da ganye mai riƙe danshi, kuma a kan hanya akan kwance shi lokaci-lokaci, a tsince wanda ya lalace, a sake ɗaurewa. Wagar da ta yage a tsakiyar dajin Bargu tana iya cinye jarin shekara guda. Abin da ya ceci fatake shi ne cewa kayan gyaranta suna tare da su: basilla, da tsirkiya, da guntun fata. Idan aka sauka zango da la'asar, mai kaya yakan duba ɗinki ya yi faci kafin ya kwanta, kuma duk babban garin da aka yada zango akwai baduku. Mazubin da ya yi tafiyar Gwanja sau da yawa, faci ne a kan faci, kuma wannan bai rage masa daraja ba.

Harshen Hausa da kansa ya adana tarihin yadda mazubi mai tauri ya shigo. Sanduƙi kalmar Larabci ce, ta biyo Sahara da littattafai. Adaka kalma ce da mutanen Asante suke kiran akwati da ita, ƙasar da goro yake fitowa. Akwati ta samo asali daga Yarbanci, ta biyo hanyar Ikko. Fantimoti kuwa daga bakin Turawa aka ji ta. Kowace kalma tana nuna hanyar da abin ya biyo, kuma yawaitarsu a hannun talaka ta zo ne tare da sauyin abin hawa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshensa ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, manyan motoci kuma suka haɗa Sakkwato da tashoshin jirgi. A cikin tarago ko bayan mota, ana jibga kaya ne a kan kaya, saboda haka abin da ake bukata shi ne mazubi mai shimfiɗaɗɗen murfi, wanda zai jure danni, a kuma iya sa masa kwaɗo tun da mai shi ba ya kusa. Irin wannan lissafi ne ya sa Louis Vuitton ya fito da akwati mai shimfiɗaɗɗen sama a Faransa a 1858, a lokacin da jirgin ƙasa yake karɓe tafiya daga keken doki.

A nan ƙasar, adakar ƙarfe ce ta amsa wannan bukata. Ta yi wa jaki nauyi, amma ga mota daidai take. Ita ce ta raka 'yan makarantar kwana, da sojoji, da ma'aikatan da ake yi wa canjin gari, ita ce kuma ta zauna a ɗakin amarya tana tsare tufafi daga ɓera da gara. Ta riƙe ɗabi'ar magabatanta ta wajen gyara: idan ta loɓa maƙeri ya buga ta ta miƙe, idan mariƙi ya cire ya sa wani, idan tsatsa ta kama a kankare a shafa fenti. Shi ya sa har yau ake samun adakar kaka a gidaje da yawa.

Garin Shagari ya shiga wannan tarihi ta wata ƙofa mai ɗaci. A nan aka haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa ƙarshen 1983. A watan Janairun 1983, bayan farashin man fetur ya faɗi tattalin arziki ya shiga matsi, gwamnatinsa ta umarci baƙin da ba su da takardun zama su bar ƙasar cikin ɗan gajeren wa'adi. Kimanin mutum miliyan ɗaya daga cikin waɗanda suka fita 'yan Gana ne. Ita ma Gana ta taɓa yin irin wannan a 1969, a zamanin Kofi Busia, inda korar ta shafi Yarbawa da Hausawa da yawa, har da mazauna unguwannin zango da cinikin goro ya kafa. Wanda aka ba kwanaki kaɗan ya tattara rayuwarsa ba ya neman adaka. Abin da ya samu shi ne jakar leda saƙaƙƙiya mai zanen dara, marar nauyi, mai araha, mai cin kaya da yawa. Tun daga lokacin sunan "Ghana Must Go" ya bi ta.

Wannan jaka ta cika kasuwanni da tashoshin mota saboda ta dace da bukatar mai ƙaramin ƙarfi, amma an yi ta ne don tafiya ɗaya ko biyu. Zif ɗinta yana saurin buɗewa, hannunta yana tsinkewa, kuma idan ledar ta fara zarewa ɗinki ba ya kama ta sosai. Araha ba ta ado, in ji Bahaushe. Da ta isa filin jirgin sama kuma sai rashin dacewarta ya fito, domin ba ta da siffa tsayayya, zarenta yana sarƙewa a injin da ke jan kaya. A 2023 kamfanin jiragen saman Habasha ya sanar da daina karɓarta daga fasinjojin Nijeriya saboda wannan dalili.

Jirgin sama ya zo da sharaɗin da jaki da mota ba su taɓa gindayawa da irin wannan tsanani ba, wato sikeli. Alhazan da, waɗanda suka bi ta Barno da Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya, sukan shafe shekaru a hanya da abin da kai ko dabba za su iya ɗauka. Maniyyacin yau yana isa cikin sa'o'i, amma an ƙayyade masa kilo. Shekaru da dama hukumomin alhazai sun riƙa raba wa maniyyata jakunkuna iri ɗaya, babba ta kilo 32 da ta hannu ta kilo 8, kuma a tafiye-tafiyen yau da kullum yawancin kamfanoni kilo 23 suke yarda da shi a akwati guda. Duk kilon da jikin akwati ya ci, an rage shi ne daga tsaraba. Wannan ne ya kawar da adaka daga tafiyar sama. Sai kuma taya: Bernard Sadow ya fito da akwati mai taya a Amurka a 1970, wani matuƙin jirgi mai suna Robert Plath kuma ya ƙera mai taya biyu da mariƙin da ake zarowa a 1987, wanda shi ne ya zama ruwan dare.

Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Legas, ko malamin da ke zuwa Umra duk shekara, yana fuskantar tambayar da madugu ya fuskanta. Akwati mai ƙananan tayoyi huɗu an yi shi ne don santsin daɓen filin jirgi; a cikin yashi da tsakuwar tashar mota, ko a saman mota ƙarƙashin igiya, tayoyin ne suke fara karyewa. Mai yawan tafiyar mota ya fi amfana da jakar tamfol mai kauri ko akwati mai manyan tayoyi biyu da suka shige cikin jiki. Mai yawan tafiyar jirgi kuwa yana bukatar marar nauyi wanda kusurwoyinsa ke jure jifa. A kowane hali, wuraren da ya kamata a duba su ne waɗanda masu sayen gafaka suke dubawa: inda aka haɗa mariƙi da jiki, kaurin ɗinki, da bakin da ake buɗewa ana rufewa. Tayar da aka ɗaura da kusoshin da ake kwancewa ana iya canza ta. Wadda aka narka da jikin akwati, idan ta karye ta tafi da akwatin duka. Zif mai manyan haƙora, wanda mai gyaran jaka a kasuwar Sakkwato zai iya cirewa ya sa sabo, ya fi wanda sai an aika wata ƙasa neman irinsa.

Dukawa suna nan a Sakkwato, majema suna jima da bagaruwa, kuma a makarantun allo na Boɗinga da Sifawa ana rataye Alƙur'ani a gafaka har gobe. Masu gyaran takalma da jaka da ke zaune a bakin tashoshi su ne suka gaji aikin da ake yi a zango da la'asar. Matafiyin da zai sayi akwati yana iya fara tambayarsu wane iri ne ya fi yawan zuwa hannunsu, wane iri ne kuma suke iya mayarwa kan hanya.