Cutar MS da rikicewar ruwan jiki

MS cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa tana cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Ta fi kama mata, galibi 'yan shekara 20 zuwa 40. An fi gane ta da dishi-dishin gani da mutuwar ƙafa, amma ni batun ruwan jiki nake so 'yan uwa ku lura da shi.

A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri, haifotalamus, mai sarrafa sinadarin ADH da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. In cutar ta taɓa nan, lissafi ya kwance. ADH ya yi yawa, ruwa ya taru, gishirin sodiyam a jini ya sauka ƙasa da 135, sai ciwon kai, ruɗewa, har farfaɗiya. A gida kuwa sai a ce iskokai ne. In ya yi kaɗan, fitsari ba tsayawa, ƙishi ba yankewa. Hakan ba kasafai yake faruwa ba.

Wanda ya fi yawa shi ne mafitsara ta matsa, mara lafiya ya rage shan ruwa don gudun kunya a mota ko kasuwa. A zafin Legas ko Fatakwal wannan ganganci ne, wallahi. Ko saniya ba ma hana ta ruwa a Kara. Ƙarshenta ciwon mafitsara da taurin bayan gida, zafi kuma yana tsananta alamomin MS.

Allurar sitiroyid da ake yi in ciwon ya tashi tana kumbura ƙafa, ta ɗaga suga. Mai ciwon suga ya gaya wa likita kafin a fara, a kuma auna sodiyam da zarar an ga ruɗewa.