3.3 Shari'ar Gidiyon da Sauyin Tsarin Kotunan Jihar Fulorida

A wannan sashe za a duba yadda shari'ar wani talaka ta sauya yadda ake gudanar da shari'ar manyan laifuffuka a jihar Fulorida ta ƙasar Amurka.

A ranar 3 ga watan Yuni, 1961, aka fasa wani gidan wasan sanuka a garin Panama City, aka yi awon gaba da 'yan kuɗi da giya. 'Yan sanda suka kama Clarence Earl Gidiyon, mutumin da bai yi zurfi a karatu ba, ba shi kuma da halin ɗaukar lauya. Da aka gurfanar da shi ya roƙi kotu ta ba shi lauya. Alƙali ya ƙi, domin dokar jihar a wancan lokaci ba ta yarda a bai wa wanda ake tuhuma lauya kyauta ba sai idan laifin na hukuncin kisa ne. Haka Gidiyon ya kare kansa, aka same shi da laifi, aka ɗaure shi shekara 5.

Daga gidan yari ya kai kuka Kotun Ƙoli ta jihar, ba a saurare shi ba. Sai ya rubuta takarda da fensiri zuwa Kotun Ƙoli ta Amurka, ita kuwa ta naɗa Abe Fortas ya tsaya masa. Ranar 18 ga Maris, 1963, alƙalan kotun tara suka yanke hukunci baki ɗaya cewa wajibi ne kowace jiha ta samar wa talaka lauya a shari'ar babban laifi, bisa gyara na 6 da na 14 na kundin tsarin mulkin ƙasar. Wannan ya soke hukuncin da kotun ta yanke a 1942, wanda ya bar wa jihohi zaɓi.

A watan Agusta na 1963 aka sake shari'ar a kotun da ta ɗaure shi. Wannan karon lauyansa, Fred Turner, ya yi wa babban mai shaida tambayoyin da suka jefa shakka a kan maganarsa, aka wanke Gidiyon. A shekarar ce kuma majalisar dokokin Fulorida ta kafa ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa hali a kowane yanki na shari'a, daga baya kuma aka saki fursunoni kimanin 2,000 waɗanda aka ɗaure ba tare da lauya ba.

Daga bayanin da ya gabata za a fahimci cewa tuhumar ba ta canja ba tsakanin 1961 da 1963, kotun ma ita ce dai. Samun lauya shi ne ya raba ɗauri da 'yanci. Sashe na gaba zai duba matsalar yawan ƙararraki da ƙarancin kuɗi da waɗannan ofisoshi suka fuskanta bayan kafa su.