Birni da Dutse: Amoriyawa, Hittiyawa da Iyakar Kudancin Ƙasar Kano

Batun da zan yi magana a kansa shi ne yadda mutanen birni suke rubuta labarin maƙwabtansu na dutse da jeji, da abin da mai nazarin tarihi zai yi da irin wannan rubutu. Zan kawo misali daga Gabas ta Tsakiya, inda shaidar rubutu ta fi tsufa, sa'an nan in dawo gida, wato ƙasar Birnin Kudu da Gwaram da Fagam.

Amoriyawa makiyaya ne da suka riƙa gangarowa daga wajen Sham zuwa ƙasar da ake kira Iraƙi a yau, fiye da shekara 2,000 kafin haihuwar Annabi Isa. Marubutan biranen Sumer sun siffanta su da mutanen da ba su san hatsi ba, ba su san gida ba, ba su binne matattunsu. Sarkin Ur, Shu-Sin, har ganuwa ya gina don ya tare su. Amma ganuwar ba ta yi amfani ba, domin daular Ur ta faɗi wajen shekarar 2004, kuma ba da jimawa ba gidajen Amoriyawa suka hau sarautar manyan birane. Hammurabi na Babila, wanda ya yi mulki daga wajen 1792 zuwa 1750, wanda kuma duniya ta san shi da kundin dokoki, jikan waɗannan makiyaya ne.

Hittiyawa kuwa mazauna tsakiyar Turkiyya ta yau ne, babban birninsu Hattusa. Su ne suka ci Babila wajen 1595, suka kawo ƙarshen gidan Hammurabi. Daga baya wata ƙaramar ƙasa mai duwatsu a Sham, mai suna Amurru, ta sami kanta tsakanin Hittiyawa da Masar. Sarkinta Aziru ya bar Fir'auna ya bi Hittiyawa. Wani magajinsa, Benteshina, ya koma wajen Masar. Wannan kai-komo yana cikin dalilan yaƙin Kadesh, wajen 1274, wanda bai ƙare da cikakkiyar nasara ga kowa ba. Wajen 1259 Ramsis na Biyu da Hattusili na Uku suka ƙulla amana a rubuce. A arewacinsu kuma Hittiyawa sun sha fama da Kaska, mutanen dutse masu kai hari, waɗanda ba su bar mana rubutu ba. Abin da muka sani game da su daga bakin abokan gabansu ya fito.

To, mu dubi tamu ƙasar. Tun kafin a rubuta sunan wani sarki akwai mutane a duwatsun Birnin Kudu. Zane-zanen shanu da ke Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da duwatsun nan masu amo idan an buga su, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu cikin shekarun 1950, shaida ce ta haka. Cikin shanun akwai marasa tozo, irin da ba shi ne ake kiwo a wurin a zamaninmu ba. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ambaci yaƙin da Sarki Yaji ya kai Warji a ƙarni na 14. Sai dai littafin na fada ne: ya gaya mana wanda ya fita yaƙi, bai gaya mana abin da Warjawa suka ɗauki lamarin ba. Alhali kuwa nazarin harshe ya nuna Warjanci ɗan'uwan Hausa ne, dukkansu daga reshen Cadi ta yamma suka fito.

A ƙarni na 19 lamarin ya ƙara fitowa fili. Wajen 1846 wasu malamai, a ƙarƙashin Malam Hamza, suka bar Tsakuwa saboda saɓani da hukumar Kano a kan haraji, suka shiga duwatsun Ningi, suka haɗa kan Butawa da Warjawa da Fa'awa. Daga nan aka sami daular da ta tsone wa Kano da Bauchi ido shekara kusan 50. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya sha fita yaƙi da Ningawa, garuruwan wannan yanki kuma suka zama bakin daga, hari ya zo daga can, ya tafi daga nan, kowane ɓangare yana kama bayi. Ba a rufe wannan babi ba sai da Turawa suka iso Ningi a 1902, shekarar da aka kashe Ɗan Yaya, sa'an nan suka ci Kano a 1903.

Abin lura a nan shi ne, shugabannin waɗanda fada ta kira arna malamai ne Musulmi daga cikin ƙasar Kano. Kamar yadda makiyayi Ba'amoriye ya shiga birni ya zama sarki, haka malamin Tsakuwa ya hau dutse ya zama shugaba. Kamar Amurru kuma, Ningi ta rayu ne a tsakanin manyan dauloli biyu. Ashe iyaka wuri ne na shige da fice, ba katanga ba ce.

Bambancinmu da masu nazarin Kaska ɗaya ne: su ba su da wanda za su tambaya, mu kuwa jikokin ɓangarorin biyu suna raye. Amma lokaci yana ƙurewa, domin Hausa ta maye gurbin Butanci. Saboda haka ɗalibin da ke neman abin bincike, da ma'aikacin da aka tura Gwaram ko Birnin Kudu, su zauna da dattawa, su rubuta sunayen kufai da jerin masu gari da labarin hare-hare daga bakin kowane ɓangare, su ajiye shi kusa da na fada.