Daga Rijiyar Kusugu Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Satar Fasaha a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san labarin rijiyar Kusugu ta Daura, amma akwai wani yanki nasa da ya kamata mu marubuta mu riƙa tunawa. Bayan Bayajidda ya kashe macijin nan Sarki, wanda ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya yanke kansa ya tafi da shi. Da gari ya waye Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki, sai mazaje suka yi ta fitowa, kowa na cewa shi ne. Da aka ce a kawo kan macijin sai aka yi tsit. Ashe ke nan cin gumin wani ya daɗe a duniya, kuma tun wancan zamani hujja ce ke raba gardama.

A da, mawaƙi ba ya fargabar ɓarawo sosai, domin waƙarsa tana bakinsa, kuma ladansa yana hannun ubangidansa: riga, doki, wani lokaci har gida. Malamai ma kan kwafi littafi da hannu, su ambaci mawallafi, su yi masa addu'a. Zuwan faifan garmaho, daga baya kuma kaset, shi ya raba murya da mai ita.

Ka dubi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999 aka yi masa makwanci a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Da wuya a sami tasha ko kasuwa a Arewa da ba a sayar da kaset ɗinsa ba. Mai rikoda biyu ya zauna a rumfa ya yi ta kwafa, ya sayar ya sa a aljihu, mai waƙa bai san ana yi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ita kuwa doka ba ta yi barci ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Ingila ta 1911 ce ta fara aiki a Nijeriya zamanin Turawa. Aka yi tamu ta gida a 1970, sannan dokar soja mai lamba 47 ta 1988, wadda ta haifar da hukumar kare haƙƙin mallaka, ta kuma sanya adabin gargajiya cikin abin da ake karewa. A 1993 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ke kare aikin marubuci a ƙasashen waje.

A daidai wannan lokaci ne littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, finafinai kuma suka biyo baya, Ƙofar Wambai ta zama cibiyar cinikinsu. Masu satar fasaha suka bi sawu, daga kaset zuwa faifan CD. Da wayar hannu ta yawaita sai ga masu turi a bakin titi, suna loda wa mutum finafinai da waƙoƙi a memori da 'yan kuɗi kaɗan. Yau littafin da marubuciya ta shekara tana rubutawa sai ka gan shi yana yawo a zaurukan WhatsApp kwana guda da fitowarsa, wani lokaci ma an goge sunanta an sa na wani.

Wani abin lura shi ne, ɗan Daura ne, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ya sanya hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a watan Maris na 2023. Ita wannan doka ta shigo da intanet cikin lissafi: mai aiki na iya rubuta wa masu shafi takardar koke, doka kuma ta tilasta musu sauke abin da aka sata. Haƙƙin littafi ko waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, wato gado ne na magada kamar gona.

To, 'yan'uwa marubuta, doka ba ta zuwa gidan mutum ta yi sallama. Ka adana rubutunka na farko da kwanan watansa. Kada ka miƙa labari ga ɗan kasuwa ko mai shirya fim sai da yarjejeniya a rubuce da shaidu. Ka sanar da hukuma aikinka, ka riƙe takardar. Idan aka tura maka littafin ɗan'uwanka kyauta, kada ka tura wa wani. Ranar da mazaje suka taru kowa na cewa nasa ne, wanda ke riƙe da kan macijin shi za a saurara.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a alƙalumanmu, amin.